Yadda sola ta hau rufin gidanmu a Shikago

Gidanmu yana kudancin Shikago, ɗaya daga cikin gidajen jan bulo da aka gina birjik a birnin tsakanin 1910 da 1940. Akwai irinsu kusan 80,000, kuma da yawa daga masu su a yau 'yan ƙwadago ne irina: direbobi, masu gadi, ma'aikatan jinya, 'yan fansho. Ni motar kai marasa lafiya asibiti nake tuƙawa, maiɗakina kuma tana kula da tsofaffi a gidajensu. Yaranmu huɗu. Gidan mun saye shi ta tsarin Musulunci da ake biya wata-wata, kuma a lissafin da muka yi kafin saye mun san kuɗin gida, mun san haraji da inshora. Abin da ya zo ya fi ƙarfinmu shi ne wuta da gas. A watan Janairu takardar gas kaɗai takan haura dala 300, ga yara sanye da rigunan sanyi a cikin ɗaki. Idan zafi ya shigo a Yuli kuma, na'urar sanyaya ɗaki ta karɓi nata rabon a takardar wuta.

Maganar sola ta fara zuwa mana ne ta bakin wani ɗan talla da ya ƙwanƙwasa ƙofa a ƙarshen 2023. Ya ce gwamnati za ta biya kashi 30 cikin ɗari na kuɗin, sauran kuma bashi ne na shekara 25. Ya matsa in sa hannu a ranar, a kan kwamfutar hannunsa. Na ce ya bar mini takarda in duba, ya ce ba ya yawo da takarda. Daga nan muka rabu. Bashin ma da kuɗin ruwa a cikinsa, wanda ni da maiɗakina mun riga mun yanke ba za mu shiga ba.

Amma maganar kashi 30 ɗin ta tsaya mini a rai, shi ya sa da lokacin cike takardun haraji ya yi na tambayi matar da ke yi mana wannan aiki. Ta tabbatar mini cewa gaskiya ne akwai shi. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta tanadi rangwamen haraji na kashi 30 ga wanda ya sa sola a gidansa. Sai dai rangwame ne daga harajin da gwamnatin tarayya ke bin ka, ba kuɗi ba ne da za a miƙo maka. Ta juyo da takardarmu ta nuna mini layin harajin: bayan an cire rangwamen yara, abin da ake bin mu bai taka kara ya karya ba. Wato likita mai babban albashi zai kwashe rangwamen nan gaba ɗaya a shekara guda, ni kuwa da na fi shi buƙata sai dai in riƙa jan sa shekara bayan shekara ina tsintar ɗan abin da ya samu, alhali bashin yana nan yana tafiya kamar na karɓa duka. Har yau wannan tsari yana ba ni takaici, domin na san gidaje a unguwarmu da aka sa su sa hannu da wannan alkawari.

Hanyar da ta dace da mu a masallaci na ji ta. Bayan sallar Juma'a wata baiwar Allah daga wata ƙungiyar unguwa ta tsaya a zauren cin abinci ta yi bayanin wani shiri na jiha mai suna Illinois Solar for All. An kafa shi da dokar makamashi da Gwamna Bruce Rauner ya sa wa hannu a Disamban 2016, ya fara aiki a 2019, sannan dokar da Gwamna JB Pritzker ya sa wa hannu a Satumban 2021 ta ƙara masa kuɗi. Hukumar Illinois Power Agency ce ke riƙe da shi. Sharaɗin shiga shi ne kada kuɗin da gidan ke samu a shekara ya wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun mutanen yankin, kuma ana la'akari da yawan mutanen gidan. A yankin Shikago, ga gida mai mutum huɗu, iyakar ta haura dala 80,000 a lokacin. Da ta faɗi wannan adadi sai na ga kawuna suna ɗagowa, domin yawancinmu mun ɗauka sai wanda ba shi da aikin yi ake nufi.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, ɗan zangon Kumasi, wanda ya yi shekaru yana tuƙin tasi kafin ya ajiye. Baba muke kiransa. A hanyar komawa gida ya ce mini, “Ɗana, ni ban zo ƙasar nan don in yi bara ba. Da hannuna na ci, da hannuna na sayi gida.” Na fahimce shi sarai, don ni ma abin ya taɓa ni. Da muka isa na roƙe shi ya ɗauko takardar wutarsa, muka bi ƙananan layukan da ke ƙasa, waɗanda ba wanda ke karantawa. A ciki akwai kuɗin da ake karɓa don makamashi mai sabuntawa, akwai na shirye-shiryen rage ɓarnar wuta, akwai na taimakon masu ƙaramin ƙarfi. Na ce, “Baba, kun ga waɗannan? Duk wata kuna biya, tun shekaru. Daga irinsu ake tara kuɗin da ake sa wa mutane sola. Ba sadaka ba ce, asusu ne da kuke zubi a ciki.” Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, “To, ka fara, in gani.”

Matar da ta yi bayani a masallaci ta ba mu shawarar da ta zama mafi amfani a duk tafiyar: kada a fara da sola. Ta ce a fara neman LIHEAP, tallafin biyan kuɗin ɗumama gida wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1981, domin takardar amincewarsa tana buɗe sauran ƙofofin. A gundumar Cook, inda Shikago take, ƙungiyar CEDA ce ke karɓar takardu. Sun nemi shaidar abin da kowane baligi a gidan ya samu cikin kwana 30 da suka wuce, da katin lambar tsaron zamantakewa na mutanen gidan, da takardun wuta da gas na baya-bayan nan. Iyaka a lokacin ita ce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya, kuma da yake mu shida ne mun shiga. Kuɗin ba a hannunka ake ba ka ba, kai tsaye ake tura wa kamfanonin wuta da gas, sai dai ka ga an rage a takarda. Ni da maiɗakina mun riga mun zama 'yan ƙasa, don haka babu fargabar shige da fice a wajenmu. Wanda takardunsa ke kan hanya, ya ga lauya tukuna kafin ya cike kowace takardar tallafi.

A wannan zama ɗin muka sa suna a shirin gyaran gida don riƙe ɗumi, wanda ya samo asali tun 1976, bayan matsalar man fetur ta 1973 ta sa tsadar makamashi ta gallabi talakawan Amurka. Masu nema sun fi kuɗin yawa, sai da muka jira watanni. Ranar da mai binciken ya zo, na ɗauki hutu daga aiki don in ga abin da zai yi, kuma ban yi nadama ba. Ya rufe tagogi duka, ya kafa wani jan kyalle mai babbar fanka a ƙofar gaba, ya kunna. Fankar tana zuƙe iskar cikin gida waje, saboda haka duk inda akwai kafa sai iskar waje ta kutso da ƙarfi. Ya ce in biyo shi in riƙa sa hannu. A gindin bango, a bayan soket, a gefen bututun da ke hawa sama daga banɗaki, a bakin ƙofar da ake hawa saman silin, ko'ina iska mai sanyi tana hura mini tafin hannu. Da ya leƙa saman silin ya haska mini, abin da ke tare sanyi a wurin ɗan siriri ne, ya tsufa ya kwanta. Duk shekarun nan ruwa muke zubawa a kwando, muna biyan gas muna ɗumama sararin samaniya.

Maiɗakina ta tambaye shi ko za su canza mana tagogi, don su ne take gani suna raɓa. Ya ce da wuya. Ƙa'idar shirin ita ce duk aikin da za a yi sai kuɗin da zai ceto a tsawon rayuwarsa ya kai abin da aka kashe a kansa, kuma tagogi suna da tsada, abin da suke cetowa kaɗan ne idan aka gwada da toshe kafofi da cika saman silin. Ba ta ji daɗi ba a ranar, amma lissafin nasa gaskiya ne.

A saman silin ɗin ne kuma ya ga tabon ruwa kusa da bututun hayaƙi. Nan aiki ya tsaya. Ba sa zuba abin tare sanyi a ƙarƙashin rufi mai yoyo, domin zai jiƙe ya yi funfuna, kuma kuɗin shirin ba su kai na sabon rufi ba. Masu sola ma abin da za su faɗa ke nan: farantin sola yana shekara 25 ko fiye a kan gida, ba wanda zai ɗora shi a rufin da za a yaye nan da shekara biyar. Wannan shi ne mataki mafi nauyi a wajenmu, kuma shi kaɗai ne muka biya da aljihunmu. Muna cikin adashi da wasu iyalai na masallaci. Na je wajen uwar adashin na ce, “Hajiya, alfarma nake nema, a matso mana da kwasarmu, rufi ne ya taso.” Ta tuntuɓi sauran, wani ɗan'uwa ya yarda muka yi musanyen wata, muka haɗa da kuɗin da aka dawo mana na haraji aka yi rufin. Allah ya saka musu da alheri.

Bayan nan komai ya tafi da sauri. Ma'aikata suka zo suka toshe kafofin da kumfa, suka hura niƙaƙƙiyar takarda mai maganin gobara a saman silin har ta yi kauri, suka duba tukunyar ɗumama gida suka gyara ta, suka sa fanka a banɗaki don gidan da aka toshe yana buƙatar hanyar fitar da tururi, suka sa na'urorin gargaɗin hayaƙi da na iskar guba. Ko sisi ba mu biya ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce gidan da aka yi wa irin wannan aiki yana ceton kimanin dala 372 a shekara. Namu ya fi haka, don gidan ya tsufa ƙwarai. A hunturun da ya biyo baya ƙaramar 'yarmu ta daina kwana da safa biyu.

Sai sola. Shirin Illinois Solar for All yana da jerin kamfanonin da ya amince da su, kuma wanda ba ya cikin jerin ba zai iya ba ka wannan tallafi ba ko da me ya faɗa a bakin ƙofa. Na tuntuɓi fiye da ɗaya. Wajen tabbatar da samunmu takardar LIHEAP ta wadatar, ba sai mun sake tattaro takardun albashi ba. Dokokin da suka sa na natsu su ne waɗannan: ba a karɓar kuɗin farko daga mai gida irina, duk abin da za ka riƙa biya daga baya ba zai wuce rabin darajar wutar da farantan suka samar maka ba, kuma dole kafin ka sa hannu a ba ka wata takardar bayani iri ɗaya ga kowane kamfani, mai nuna girman aikin, wa ya mallake shi, nawa za ka biya, nawa ake sa ran za ka ceto. Da yake fasalinta ɗaya ne, na shimfiɗa na kamfanonin a kan tebur muka gwada layi da layi, babban ɗanmu yana karanto mana inda Turancin ya yi tsauri.

Abin da na ƙi wucewa ba tare da na gane ba shi ne inda kamfanin ke samun nasa. A ganina duk wanda aka ce za a ba shi abu mai tsada a sauƙaƙe ya kamata ya yi wannan tambaya. Amsar ita ce, duk yunit 1,000 na wuta da farantan suka samar ana lissafa shi a matsayin takardar shaidar makamashi mai tsabta guda ɗaya, kuma dokar jiha ta wajabta a sayi irin waɗannan takardu. Shirin yana sayen na shekara 15 a dunƙule daga kamfanin bayan an kunna aikin, a farashi mafi tsoka fiye da na sauran masu sola. Sannan idan kamfanin ne ya mallaki farantan, yana iya cin rangwamen harajin tarayya na 'yan kasuwa, irin wanda ni ba zan iya ci ba. Da na gane haka muka zaɓi tsarin da kamfanin ke riƙe da mallaka, shi ke gyara idan wani abu ya lalace, mu kuma muna biyan ɗan kuɗi kaɗan na wutar da muka samu. Ciniki ne na wuta, babu bashi, babu kuɗin ruwa. Na kai wa limaminmu takardar ya duba, ya ce bai ga laifi ba. Na kuma tabbatar an rubuta abin da zai faru idan muka sayar da gidan, na sanar da kamfanin inshorarmu.

Gidanmu yana kallon gabas, saboda haka dogon gefen rufin yana fuskantar kudu, wanda shi ne ake so a nan. Shikago tana kusan digiri 42 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kusan 12, don haka rana a nan ba ta tsayawa tsakar ka, kullum ta kudu take ratsawa. An auna mana kilowat 5 bisa wutar da muka sha a shekarar da ta gabata. A wannan yanki kowane kilowat yana ba da yunit kusan 1,200 a shekara. Ɗora farantan bai ɗauki lokaci ba. Jiran takardu ne mai tsawo: izinin birni kafin aiki, mai duba aikin lantarki bayan an gama, sannan izinin kamfanin wuta na haɗawa da layi. Farantan suna kan rufi rana tana dukansu, amma an hana mu kunnawa sai takarda ta ƙarshe ta iso.

Akwai dalilin da ya sa hankalina ya tashi a wannan jira. A lokacin, duk yunit ɗin da ka tura wa layin ComEd, wato kamfanin wutarmu, da rana ana rubuta maka shi daidai da wanda za ka ja da dare, har da kuɗin kawo wutar. Daga 1 ga Janairun 2025 doka ta canza wa sababbin shiga: ana biyansu kuɗin wutar kanta, ban da kuɗin kawo ta. Waɗanda suka riga shiga suna nan a tsohon tsari. Mun samu shiga a kakar 2024. A tsohon tsarin rarar da ka tara tana ƙarewa sau ɗaya a shekara, a Afrilu ko Oktoba, kuma Afrilu muka ɗauka domin mu ci rarar bazara a cikin hunturu.

Ranar da aka kunna na kira yayana a Katsina ta bidiyo na nuna masa. Tambayarsa ta farko ita ce, “Batir nawa suka sa maka?” Na ce, “Yaya, babu ko ɗaya.” Ya yi mamaki, kuma yana da hujja, don a gida sola hanyar tsira ce daga ɗauke wuta, batir da inbata su ne zuciyar aikin. A nan layin wutar ne ma'ajiyarmu. Idan ma aka ɗauke wuta, inbatar tana kashe kanta nan take don kada ta tura wuta cikin wayar da ma'aikata ke gyarawa, sai mu zauna a duhu tare da maƙwabta ko da rana tana ƙwallewa. Ya ce, “To kai ƙane, mene ne amfaninta?” Na ce amfaninta a takardar ƙarshen wata yake.

A takardar kuwa an ga bambanci. Daga Afrilu zuwa Satumba abin da muke biyan kamfanin wuta kusan kuɗin mita da na kasancewa a layi ne kawai, waɗanda ba sa gushewa ko da rufinka ya samar da wutar unguwa. A Disamba da Janairu rana gajera ce, dusar ƙanƙara kan rufe farantan na kwanaki, rarar da muka tara ce ke ɗauke mu. Da farashin wuta ya tashi a yankinmu a Yunin 2025, maƙwabta sun koka, mu kuwa da ƙyar muka ji. Amma sola ba ta taɓa takardar gas ba ko kaɗan, tunda da gas muke ɗumama gida. Wanda ya rage wannan shi ne aikin saman silin, wanda ba wanda ke ganinsa daga titi. Da za a ce in zaɓi ɗaya cikin biyun don gida irin namu a gari mai sanyi haka, shi zan fara ɗauka.

A 2025 abubuwa sun canza a Washington. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli ta kawo ƙarshen rangwamen kashi 30 na masu gidaje daga ƙarshen Disamban shekarar, maimakon 2032 da aka tsara a da. A Agusta kuma hukumar kare muhalli ta tarayya ta soke wani shiri na dala biliyan 7 mai suna Solar for All. Da labarin ya fito mutane da dama a masallaci sun zo suna tambayata ko za a zo a cire mana farantan. Sunan ne ya yi kama. Na Illinois shiri ne na jiha, da dokar jiha aka kafa shi, kuma ya girmi na tarayyar da shekaru.

Baba ya cika alkawarinsa. Da ya ga takardarmu ta Yuli ya ce in raka shi, muka cike masa LIHEAP aka amince, mai bincike ya zo gidansa da jan kyallen nan. Rufinsa ya fi namu lalacewa, kuma akwatin wutarsa tsohon yayi ne mai fis, wanda sai an canza kafin a haɗa sola. Fanshonsa ba zai ɗauki wannan ba, kuma ba ya cikin adashi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tsarin gaba ɗaya: wanda ya fi kowa buƙata shi ne mai tsohon rufi, kuma tsohon rufin ne ke tsayar da shi a bakin ƙofa. Shirin jihar ya fara gwajin wani tallafi na gyaran rufi da wayoyin wuta don irin waɗannan gidaje, mun sa sunan Baba ta hannun kamfanin da ya yi mana aiki. Kafin a kira shi, matasan masallaci sun hau sun like masa inda ya fi yoyo, kuma Hajiya ta ce za ta yi magana da 'yan adashi a zagaye mai zuwa.